Ƙanƙara a Rufin Thibodeaux

Shekarata goma sha tara ina tsaron ƙofar dogon benen nan mai hawa hamsin a Chicago, ban taɓa ganin wanda ya zana shi ba sai a hoton da ke falo. Lucius Thibodeaux ke nan, mutumin da rabin manyan gine-ginen garin suka fito daga alƙalaminsa. Ɗan New Orleans ne, garin zafi. Ya yi mana rufin gilashi mai gangara, jaridu suka yi ta koɗa shi.

Ran nan, bayan kwana tara ana zuba dusar ƙanƙara, rana ta fito tarwai. Kowa na washe baki. Sai ga wani tsoho ya diro daga tasi ko hula babu, ya ɗaga kai sama yana duban rufin.

"Kai, wa ke da iko da ƙofar nan?"

"Ni ne, Baba, in manaja na gyangyaɗi."

"Rufe ta, a tare titin. Ƙanƙarar da ta daskare a rufin can ta fi mota nauyi, ga rana tana narka ƙasanta."

Sai a lokacin na gane fuskar: ta hoton falo ce, Thibodeaux da kansa.

Manajanmu, Mista Pruitt, ya fito da kofin shayi a hannu. "Haba Yallaɓai, shekara ashirin ba ta taɓa faɗowa ba. In tare titi da tsakar rana don ka yi mugun mafarki?"

"Shekara ashirin ba a yi sanyi irin na bana ba."

Pruitt ya taɓe baki. Tsohon bai sake kula shi ba. Ya ƙirga taku goma sha ɗaya daga bakin ƙofa, ya tsaya, ya ware hannuwa yana kora masu wucewa.

"Nan za ta sauka," in ji shi. "Ni na zana gangarar. In za ta kashe wani, ta fara da ni."

Tunanin ganin gawar Thibodeaux a ƙofar benen ya fi ƙarfin Pruitt, dole ya kira 'yan sanda. Kafin su iso, mutane sai ratsawa suke yi ta gefensa, har da mai tura jariri a keke. Ruwa ya fara ɗiga a sanƙon tsohon.

Ana gama ɗaura igiyar tare hanya, muka ji ƙara daga sama kamar an yage sabon yadi. Ban san lokacin da na ruga na fizgo kwalar rigar tsohon ba, muka zube cikin falo. Ƙasa ta girgiza. Daidai inda ya tsaya, siminti ya dare gida biyu.

"Mun tsira, Baba!" na ce, ina haki.

Bai dube ni ba. Ya ƙura wa hasken rana ido, ya riƙe hannuna gam.

"Ɗana, nemo mini mota. Irin rufin nan guda huɗu na yi a garin nan."