Jaka ta Goma Sha Biyu

A shekarar 1978 Mairam Dunoma, 'yar Babura, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, tana auna yadda maganin zazzaɓi yake manne wa furotin ɗin jini. Takan zuba ruwan jini a 'yar jaka mai kama da hanji, ta ƙulle, ta tsoma a ruwan magani kwana guda, sannan ta auna abin da furotin ya riƙe.

Jaka goma sha ɗaya suka ba da abin da Dakta Silvanus, shugaban sashen, yake fata. Ta ƙarshe ta saɓa.

Ya ce, "Yoyo ta yi. Cire ta."

"Ranka ya daɗe, ƙullin buhun gero na yi mata, irin na babana."

Takardarta ta neman ƙaro karatu tana teburinsa tana jiran sa hannunsa, ran Juma'a ake rufe karɓa. Ta matse jakar a gabansa, ko ɗigo bai fito ba. Ta rubuta sakamakon jakar tare da na sauran.

Ya ce, "To, sake duka. Takardarki ta jira."

Aikin mako biyu ne. Mairam ta ɗauko almakashi, ta fara yanka sababbin jakunkuna.