Taswirar da Ta Rufe Tsagar Bango

Ranar da sufeto zai duba darasina na girgizar ƙasa, hedimasta ya rataya taswirar duniya a kan tsagar bangon ajinmu, wadda na kai masa kukanta sau uku.

"Malama, ki tsaya kan littafi," ya raɗa min. "Tabbatar da aikinki yana hannun mutumin nan."

Na jera kwalayen ashana a kan katako biyu, na goga katakon biyu da juna. Kwalayen suka zube.

"Haka duwatsun ƙarƙashin ƙasa ke gogayya," na ce. "Ginin da ya riga ya tsage shi ke fara faɗuwa."

Wata siririyar ɗaliba, Tsinke, ta ɗaga hannu. "Malama, irin namu na bayan taswira?"

Yaran da nake ƙauna kamar raina suka zuba min ido. Na ɗage taswirar a gaban sufeto, rana ta ratso tsagar.

Bayan mako guda aka sallame ni, wai ban iya riƙe aji ba. Jiya na leƙa ta tagar ajin. Sun sayo taswirar da ta fi girma, Tsinke kuwa tana zaune a ƙarƙashinta.