Wankin Keken Obadiya

Tun da aka binne mijinta Obadiya, Cecilia ba ta yi kuka ba. Ba hana kanta ta yi ba, hawayen ne suka ƙi zuwa. Matan zumunta sun cika gidan da ke Gwallameji, sun yi waƙa sun yi kuka har muryoyinsu suka dushe, ita kuwa tana zaune tana lissafin ko shinkafa za ta ishi baƙi. Wasu suka ce ƙarfin bangaskiya ne. Wasu, da suka kai bakin ƙofa, suka ce taurin zuciya ne. Duk surutu ne kawai. Matar ba ta jin komai ne. Abinci ba gishiri, labari ba daɗi, ko ƙuna ta yi a kicin sai ta tsaya tana kallon yatsan kamar na wata.

Abu ɗaya ya rage mata, keken Obadiya da ke rataye a baranda. Tsohon keken tsere ne, mai siririn taya da kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Shuɗi ne a da. Tun kafin ya aure ta yake da shi, kuma ya fi kula da man sarƙarsa fiye da maganin hawan jininsa, abin da ya kai shi ƙasa ke nan. A jikin sandar sama, kusa da kai, akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu inda guminsa yake ɗiga idan yana hawan tudu a hanyar Dass, kuma nan yake kamawa in zai rataye keken. Fenti ya cinye a wurin, ƙarfen ya yi kaushi ya yi ja.

Kullum da safe in ta zo shara, sai ta ɗora tafinta a nan. Ba addu'a take yi ba, ba magana. Amma sai ta ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinta, ta san dai ba ta mutu tare da shi ba. Ba wanda ya san da wannan.

Da ranar addu'ar tunawa ta matso, 'yarta Dorcas ta bugo waya daga Jos, ta ce kada baƙi su zo su ga keken Baba da yanar gizo, har zanzaro ya yi gini a ƙarƙashin sirdi. Cecilia ta ce to. Komai aka ce mata a kwanakin nan, to take cewa.

Ana haka Abdulsalam ya zo gaisuwa. Shi ne mai gyaran tsofaffin kekuna a Gwallaga, kuma abokin hawan Obadiya ne, duk Asabar tare suke fita, tsofaffi biyu cikin gajeren wando suna ba yaran unguwa dariya.

"Malam Abdul," in ji ta, "keken abokinka ya yi datti. Ka ɗauka ka wanke mini."

Ya ɗago kai. "Wanki, Maman Dorcas? Wanki sosai?"

"Sosai. Kafin ranar addu'a."

Idonsa ya kawo ruwa. "Allah sarki. Shekara da shekaru ina roƙonsa ya bari in wanke keken nan, kullum sai ya ce mini wata rana."

Da tana cikin hayyacinta, da ta tambayi kanta wane irin wanki ne ake roƙo shekara da shekaru. Amma magana a lokacin ta gefen kunnenta take wucewa. Wanki a wurinta soso ne da sabulu. A shagon Abdulsalam kuwa, wanki irin na masu wanke sarƙar wuya da 'yan kunne ne. A kwance keke ɓangare-ɓangare, a ƙone fenti da asid, a goge ƙarfe har ya yi sumul, sannan a tsoma shi a ruwan kurom mai yi wa ƙarfe farin rufi, a sa masa lantarki, ya fito yana ƙyalli kamar azurfa. Hausa ɗaya suka yi, kowa da abin da ya ji.

Ya tafi da keken, ya bar ƙusoshi biyu a bango. Tana zuwa wurin da tsintsiya sai hannunta ya tashi da kansa, ta mayar da shi. Rabonta da jiran wani abu tun ranar da Obadiya ya cika a asibiti, amma yanzu tana jira.

Ana jibi addu'a ya dawo da hantsi. Bai hau ba, turo shi ya yi, lulluɓe da wani tsohon zanen gado. Da ya yaye zanen a tsakar gida, sai da ta kare idonta. Ba shuɗi, ba tsatsa. Tun daga kai har ƙafa walƙiya yake yi.

"Kin gan shi?" in ji Abdulsalam. "Wani wuri a nan sama, da gumi ya cinye, shi ya fi ba ni wahala. Na goge, na cike, na sake gogewa. Yanzu ko da farce kika bi ba za ki gane wurin ba." Ya share ido da hularsa. "Kuma kada ki yi mini zancen kuɗi. Wannan ce ta'aziyyata."

Ta dube shi. Ya rame, yatsunsa duk sun tsattsage da asid. Mutumin ya zuba duk kukansa a aikin nan, kukan da ita ta kasa yi. Me za ta ce masa?

"Na gode, Malam Abdul. Allah ya saka."

"Amin. Allah ya ƙara haƙuri."

Shi ya rataye mata keken kafin ya tafi. Ta bari sai da ƙarar ƙofa ta mutu, sannan ta matsa, ta ɗora tafinta a kan sandar. Sanyi, santsi. Hannun ya zame. Ta matsar da shi gaba, ta dawo da shi baya, ta laluba ta ƙasa ko an manta da ɗan kaushi kamar ƙwayar gero. Babu. Ta sunkuya ta duba da ido, sai ta ga fuska a jikin ƙarfen, ta baje ta yi faɗi, fuskar wata tsohuwa mai busassun idanu. Ta ɗan jima kafin ta gane tata ce. Ta tsaya tana sauraron ƙirjinta. Ba abin da ya motsa.

Wayarta ta yi ƙara a ɗaurin zani. Dorcas ce.

"Mama, Malam Abdul ya kawo keken? An wanke?"

Cecilia ta ga shatin tafinta a kan ƙyallin, shi kaɗai ne tabo a jikin keken duka. Ta kama bakin zaninta ta goge.

"An wanke," in ji ta. "Tas."