Muryar da Ta Ce a Shuka Duka

Tun da ta haife shi, Hajjo ba ta taɓa kiran Is'haƙa da sunansa ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. In an yabe shi a gabanta sai ta kau da kai, in kuma dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Sakkwato". Shekara talatin da ɗaya yana duniya, bai taɓa jin ta ce masa madalla ba. Bai riƙe ta a zuci ba, don haka ya tashi ya ga ana yi a Tozai.

A Sakkwato yake aikin rubuta manhajar kwamfuta a wani ɗan kamfani mai ɗaki biyu. Mai kamfanin mutum ne mai baki, in ya fara zuba sai ka rantse gobe za a daina yunwa a ƙasar Gobir. Abin da yake tallatawa ƙirƙirarriyar basira ce, wadda 'yan boko ke ce wa AI, wai za ta riƙa kiran manoma a waya tana gaya masu ranar da ya kamata su yi shuka. Da fari muryar wani Bakano aka sa, manoman Isa da Sabon Birni suna jin "zan gaya muku" sai su kashe waya. Shi ya sa aka zaunar da Is'haƙa kwana uku yana karanta jimloli da Sakkwatancinsa, har na'ura ta haddace muryarsa tsaf, da 'yar shaƙewar da ya gado wajen mahaifinsa.

Abokan aikinsa biyu, Jibrilla da Kamaluddeen, ba su da aiki sai musu. Jibrilla ya ce duk mai hankali da yaren Python yake rubuta manhaja, Kamaluddeen ya ce wannan yaren malalata ne, a sake rubuta komai da yaren Rust. Daga safe har la'asar ana abu ɗaya, shayi ya huce, a sake ɗorawa, a koma kan musu. Wallahi da za ka ji su, sai ka ɗauka gadon gida ake rabawa.

Shi Is'haƙa wani abu ne daban ya tsaya masa a rai. Wata rana ya buɗe bayanan da aka koyar da na'urar da su, ya tarar kusan duk ma'aunin ruwan saman daga wajen Zariya da Kano aka kwaso shi. To, ina Zariya ina Tozai? A can in ruwan fari ya sauka, na biyu na biye da shi. A gida kuwa ruwan fari mayaudari ne, ya jiƙa ƙasa ya tafi abinsa, sai a yi sati uku ana kallon sama. Ya faɗi haka a taron ofis. Jibrilla ya ce gyaran layi goma ne in da Python ne, Kamaluddeen ya ce ai dama Python ɗin ce ta jawo, nan take suka koma gidan jiya. Mai kamfanin ya ce damina ta ƙarato, ba lokacin tone-tone ba ne, na'ura za ta gyara kanta da kanta in ta ga kuskurenta. Is'haƙa bai yarda ba ko kaɗan, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya lallashi zuciyarsa da cewa mutanen gida sun fi na'ura sanin ƙasarsu, ba za su biye mata ba.

Abin da ya ba shi wannan natsuwar al'ada ce da ya sani tun yana ƙarami. A Tozai ba a zuba iri duka a ruwan fari. Kashi uku ake raba shi: ɗaya na ruwan fari, ɗaya na ruwa na biyu, na ukun kuma a bar shi a rumbu saboda halin rayuwa. Kafin ma a ɗauki sungumi sai an tona ƙasa da hannu, in danshi bai kai taƙi guda ba a dakata, mai gaggawa ma ba ya wuce kashin farko. Hajjo kuwa ta fi kowa riƙo da wannan, domin irin da ke rumbunta ba irin kasuwa ba ne. Gero ne mai saurin nuna da mijinta marigayi Halliru ya zo da shi daga bayan Maraɗi a zamanin da yake fatauci, 'yan zangarniyu a cikin buhun gishiri. Ya shekara ashirin yana zaɓen manyan zangarniyu yana ajiyewa, har mutane suka sa wa geron suna ɗan Halliru. Maƙwabtan da ke da shi sun cinye nasu a shekarun da tashin hankali ya hana zuwa gonakin nesa. Na hannun Hajjo kaɗai ya rage a garin.

Abin da Is'haƙa bai sani ba shi ne, tun da rani Hajjo ta kira ƙanwarsa Rahmatu ɗaki, ta miƙa mata 'yar wayarta, ta ce a sa lambarta cikin abin nan na wancan na Sakkwato, kuma kada a gaya masa.

Ruwa ya sauka a ƙarshen watan biyar. Washegari da hantsi wayoyi suka yi ta ƙara a Tozai, muryar Is'haƙa tana sallama, tana cewa damina ta zauna, a shuka duka, kada a rage. Dattawa suka saurara, suka tona ƙasa, suka girgiza kai, kowa ya shuka kashi ɗaya ya rufe rumbunsa. Hajjo ta sa aka sauke mata damman irin nan gaba ɗaya, aka sussuka, ita da Rahmatu suka bi bayan masu sungumi kwana biyu suna zubawa suna takewa. Geron ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta ɗauke, aka yi kwana ashirin da uku ko ɗigo babu.

Rahmatu ce ta kasa daurewa ta kira Is'haƙa. A lokacin yana zaune a ofis, su Jibrilla na kan musunsu. Nan take ya tashi ya nufi tasha. Mota ta sauke shi a Isa, ya hau babur zuwa gida, duk hanya zuciyarsa na tafasa, rabi haushin kansa, rabi haushin tsohuwar da ta san daidai ta ƙi yi.

A gona ya same ta da la'asar, zaune a gindin aduwa. Bai ko gaishe ta yadda ya kamata ba, ya durƙusa ya shiga tona ramukan shuka ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a sami ƙwayar da ba ta fashe ba. Babu. Kowace ta tsiro, kowace ta ƙone, ka murza tsiron ya zama gari a tafin hannu. Ya bi kunya huɗu yana tono har farcensa ya yi jini, kafin ya haƙura ya dawo ya tsuguna a gabanta. Ya tambaye ta ko ta rage ko da tiya guda. Ta ce ko ƙwaya.

"Inna, ke da kanki kinka koya man a raba ukku. Mi ya sa? Na'ura ce fa, ba ta san Tozai ba, ba ta taɓa taka ƙasa ba."

Hajjo ba ta dube shi ba, gonar take kallo.

"Na tona da hannuna, danshi bai kai ba. Na sani sarai."

"To don mi?"

Ta gyara zama, ta ce:

"Gari duka an ji muryar. Kowa ya san ko ɗan wa ne. Sun saurara sun yi dariya sun rufe rumbu. In ni ma na rufe nawa, sai a ce ko uwatai ba ta yarda da shi ba."

 Is'haƙa ya so ya ce mata ba shi ne ya yi maganar ba, shi ma bai yarda da ita ba, ya ma faɗa a ofis. Amma ya faɗa sau nawa? Sau ɗaya, ya yi shiru, ya bar muryarsa tana yawo gida-gida da abin da ya san ƙarya ne. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, hawaye suka zubo masa, bai ko share ba. Madallar da ya shekara talatin da ɗaya bai ji ba, ashe a wannan gonar aka zuba masa ita, da irin mahaifinsa gaba ɗaya.

Suna nan zaune wayar ta yi ƙara a ƙullin zanenta. Ta kwance a hankali ta danna. Muryarsa ta fito ras, da shaƙewar Halliru a cikinta, tana yi wa manoma albishir cewa shukarsu na tafiya daidai, lokacin noman fari ya yi. Ya miƙa hannu da sauri zai kashe, Hajjo ta janye wayar zuwa ƙirjinta.

"Bar shi shi ƙare," in ji ta. "Ban taɓa katse mai magana ba."