Shirun da Musbahu Ya Yanke

Dada ta ce magana biyu kawai za ta yi. Zulfa, autarta, ta danna naɗar murya a waya ta ajiye a kan tabarma, ba ta sake ɗauka ba sai bayan minti arba'in da bakwai.

Saƙon na Muhammad Auwal ne, ɗan farin Dada, wanda ya shekara huɗu a Fatakwal bai leƙo Toranke ba, tun wani saɓani da aka yi kan gona. Tsohuwa so take ya zo babbar Sallah, amma ina, ba za ta faɗa kai tsaye ba. Ta bi ta kan gero, ta bi ta kan ciwon gwiwa, ta tsaya ta zagi akuyar da ke cin shanya, ta dawo ta yafe mata, sannan ta rufe da sa wa 'ya'yanta albarka ɗaya bayan ɗaya.

Saƙo ya ƙi tafiya. Zulfa ta hau turmi, ta hau katanga, ta je gindin tsamiyar da duk unguwa ke samun sabis, abu sai juyi yake a wuri ɗaya. Ranar kasuwa ta hau ɗan sahu sai Gaya, shagon Musbahu mai zuba wa'azi da waƙoƙi a memori.

Musbahu irin mutanen nan ne da ba sa taɓa maka waya sai sun fara ba ka darasi.

"Malama, wannan ai buhu ne, matse shi za a yi. Tukuna, bakin tsohuwar nawa?"

"Ɗaya mana."

"To me za ta yi da sitiriyo mai baki biyu? Mono ya ishe ta." Ya danna. "Sai nauyin sauti. Ɗari da ashirin da takwas na makaɗa ne, sittin da huɗu na malamai. Bari mu gwada sha shida."

Muryar Dada ta fito kamar daga cikin randa.

"Malam Musbahu, uwata ba ta faɗa rijiya ba."

Aka daidaita a talatin da biyu. Sai ya nuna mata wasu wurare a allon kwamfutarsa inda zanen muryar ya kwanta lumui. "Duk nan shiru ne, data kawai yake ci." Danni ɗaya ya share su. Saƙo ya tafi nan take, Zulfa ta koma gida tana jin kanta injiniya.

Washegari amsa ta zo a rubuce: "Na saurara. Bashir ya samu albarka, Ummu Salma ta samu, ke ma kin samu. Akuya ma an yafe mata. A yi Sallah lafiya."

Zulfa ta sake karantawa. Ta kunna abin da aka tura masa, ta ji Dada tana jero sunaye a guje kamar mai kiran rajista, daga "Allah ya yi albarka ga" sai kawai "Bashir". Nan ta dafe kai. Tunda Dada ta haifi Auwal ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kunyar ɗan fari. Idan ta zo kansa shiru take yi, kowa a gidan ya san shirun nan nasa ne. Shi Musbahu ya share, ita kuma tana tsaye har da jinjina masa.

Ta koma Gaya ko mayafi ba ta daidaita ba.

"Ka mayar min da shirun nan. Kuma a ɗari da ashirin da takwas."

"Shiru za ki tura da nauyin makaɗa? Malama, ba komai fa a ciki!"

"Yayana ne a ciki."

Ya yanko wurin daga asalin saƙon yana gunaguni, daƙiƙa goma sha ɗaya cif. Da ya ƙara sauti, sai ga abin da ke ciki ya fito. Ana jin carbin Dada ya tsaya, ta ja numfashi mai rawa, ta haɗiye wani abu, ta yi "hmm" can ƙasa-ƙasa, sannan ta wuce kan Bashir. Idon Zulfa ya cika, tausayin uwarta da na yayanta suka kama ta lokaci guda. Musbahu ya hau goge allon da ba ƙura a kansa. Kafin ta bar shagon ta tura wa Auwal shirun.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Zulfa ta duba suna, ta miƙa wa Dada. Tsohuwa ta kara a kunne, ta kawar da kai wajen akuya, ba ta ce uffan ba.

Daga can aka ji muryar ƙato tana karyewa.

"Na'am, Dada. Ina hanya ran jajibere."