Lambar Casis ɗin Fijon Baba

Istifanus yana kankare tsatsa da wuƙar aro, zufa na shiga masa ido. Gawar Fijo 404 har uku ke jere a filin 'yan gwangwan na Funtua, ba taya, ba fenti, kuma mai filin ya rantse kafin azahar zai yanka su duka, babbar mota na jiran lodi.

Shekara shida ke nan yana neman motar marigayi babansa, wadda aka sayar ba ya nan. Jiya aka ce masa an gan ta a nan. To, wacce a ciki?

"Bar duban jiki," in ji Malam Sada, tsohon makaniken da ya ɗauko daga Malumfashi. "Ƙofa da fitila kowa na canzawa. Ta babanku fitowar farko ce, ni na riƙa gyara ta. Lambobin farko na casis, waɗanda aka buga a ƙashin motar, za su gaya mana."

Ta farko, Malam Sada ya leƙa ya girgiza kai. "Fitowar baya ce." Ta biyu ma haka. Istifanus ya duba agogo, ya yanke yatsa, ya yi tsaki. Can gefe har an kunna wutar yankan ƙarfe.

A ta uku tsohon ya tofa yawu ya goge da babban yatsa. "Yauwa, wannan zubin ne! Saura mu ji ko ita ce."

Istifanus ya kira mahaifiyarsa ta waya a garin Ƙarfi.

"Mama, ɗauko takardar motar Baba, tana cikin akwatinki. Karanto mini lambar casis, a hankali."

Mama Fibi ta karanto ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa. Babu wadda ta kuskure. Daɗi ya kama shi har ƙwalla ta zubo.

"Ita ce, Mama! Yau zan kawo miki ita gida!"



"Ka kawo wa wa?" ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina tura motar nan kowace safiya, babanka na zaune a ciki. Da cikinka ma na tura ta. Cikin da ya biyo naka, a bayanta ya zube. Ni na sa aka sayar."

Mai filin ya matso. "Malam, a ɗaga ta ko a yanka?"

Istifanus ya miƙa wa Malam Sada wuƙarsa, ya ja da baya ya ba mai wutar hanya.