Lasisin Baƙo

A wata gona a jihar Iowa ta Amurka aka haifi mijina Merle, a can ya harbi barewarsa ta farko. Aikin kamfanin taki ne ya tsallakar da mu jihar Missouri, tafiyar da ko kofi ba ya hucewa a mota. Amma tun daga ranar, in zai yi farauta a gonar ubansa sai da lasisin baƙo. Kuɗinsa ninkin-ba-ninkin ne, kuma sai an yi ƙuri'a, mutum ya shekara da shekaru yana tara maki kafin sunansa ya fito.

Duk kaka sai yayansa Dwight, wanda ya riƙe gonar, ya bugo waya.

"Kai ɗan gudun hijira, bareyi sun cinye min masara. Yaushe za ka zo?"

"Haba Yaya, ni zan biya kuɗin baƙo a inda aka yanke min cibiya? Allah ya kiyaye! Kai ka zo nan, a kanti ake sayen lasisi, ba ƙuri'a ba komai."

"In bar masu manyan ƙahoni a bayan gidana, in je in biya kuɗi don 'yan awakinku?"

Sai su ƙyalƙyale da dariya su ajiye waya, ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Merle ya haddace farashin lasisin kowace jiha, har da Nebraska da Kansas inda ba shi da kowa. In ya fara zuba a kan abinci sai in kwashe kwanuka in bar shi. Ba kuɗin ne babu ba. Taurin kai ne irin na gidansu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sunkuyawa.

Ranar da Dwight ya kira sau biyu a yini ɗaya yana maimaita zance ɗaya, Merle ya gane mantuwa ta fara kama yayansa. A shekarar ya shiga ƙuri'a, bai fito ba. Shekara ta zagayo, shiru. Haka aka yi ta yi, sai bara sunansa ya fito.

Muka kama hanya, bindiga a bayan mota, lasisi a aljihu. Muka tarar da Dwight a bakin taga, bargo a kan gwiwoyinsa. 'Yarsa Joyce ta daɗe da kulle bindigoginsa.

"Yaya, ga ni. Na biya su kuɗinsu, sai ka tashi."

Dwight ya dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa mai tambayar hanya.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Farauta ko? Ka yi haƙuri, ba na barin baƙi su shiga. Ƙanena nake ajiye wa wurin, yana Missouri. Bana zai zo."

Merle ya ce to, ya gode. Ya jawo kujera kusa da shi, suka zauna suna kallon barewa na kiwo a cikin karan masara har rana ta faɗi. Ban taɓa jin tausayin Merle da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Bindigar ba ta fito daga mota ba. A hanyar komawa ni na yi tuƙi.